Furar dabino da tagalla: yadda aikin rumfar Yaya ke tafiya

Tawa, 6 ga Disamba

Magana ta tsaya yau bayan sallar isha'i. Rumfar abincin Yaya da ke bakin hanyar Agadas za ta ƙara abu biyu a kan shinkafa da wake da tuwon da ta saba sayarwa: furar Abzinawa ta gero da dabino da cuku da suke kira aghajira, da gurasarsu ta cikin rairayi, wato tagalla. Masu tsayawa wurinta galibi mutanen arewa ne, masu tafiya Agadas da Arlit ko masu dawowa, kuma ba a rasa dattijo mai rawani da zai leƙa tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya ce a haɗa masa shayi kawai. Yaya ta ce ta gaji da ganin kuɗi na wucewa ta ƙofarta.

Sai dai a gidanmu ba wanda ya iya ko ɗaya daga cikinsu. Mun sha ci, ba mu taɓa tsayawa a kan mai yi ba. Kawu zai tashi da lodin gero zuwa Agadas cikin makon nan, ni kuma ba abin da ya riƙe ni, shi ya sa aka wakilta ni. Abin da aka ɗora mini shi ne in ga yadda ake haɗa su tun daga turmi, in san irin dabinon da ake sawa, in kuma nemo wanda zai riƙa aiko mana da kaya ba sai an je ba.

"Ka ga, auta, ban aike ka kallon hasumiyar masallacin Agadas ba," in ji Yaya. "In ka dawo mini da hotuna kaɗai, kai za ka biya kuɗin guzurin."

Na ce to. Amma hasumiyar ma sai na hau.

Abalak, 9 ga Disamba

Da asuba muka bar Tawa. Tsakaninmu da Agadas kilomita 400 ne ko da ƴan kai, a kan kwaltar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom ɗin Arlit. Kwaltar ta tsufa ƙwarai. A wurare da dama direbobi sun bar ta sun buɗe tasu hanyar a gefe cikin ƙasa, motar Kawu kuwa da lodinta ba ta san gaggawa ba.

A Tabalak muka karya kumallo da soyayyen kifi, wanda mata ke tsamewa daga mai suna barbaɗa masa yaji a bakin titi. Tafkin garin ne ke ciyar da su, ga masunta ga masu lambu. Daga nan ƙasa ta fara canzawa, gonakin gero suka ja baya, garken raƙuma da shanu suka karɓi fili.

A nan Abalak na kammala kashi ɗaya na aikena tun ban isa ba. Cuku ba sai an je Agadas ba. Wata mai talla ta zaunar da ni ta yi mini bayani: madara ce sabuwar tatsa, a sa mata ɗan abin daskarwa da ake samu daga tumbin ɗan akuya mai shan nono, in ta kama a zuba ta a kan ƴar tabarmar kara, a baje ta siririya, a matse ruwan, a shanya. Layukan nan da ake gani a jikin cuku sawun karan ne. Ta ce mai kyau in ka karya shi sai ya ce ƙas, wanda ya lanƙwashe bai gama bushewa ba kuma zai yi wari cikin buhu. Akwai na shanu, akwai na awaki. Na sayi kowanne kaɗan don gwaji. Abalak kilomita 135 ce daga gida, motoci na zirga-zirga kullum, wannan ba zai ba mu wahala ba.

Agadas, 10 ga Disamba

Cikin dare muka shigo, da sanyi mai ratsa bargo. Mai masaukin Kawu a tsohon gari yake, kuma mahaifiyar mai gidan, Hajiya, ce ta karɓi aikina. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta kira jikokinta su zo su ga namiji da littafi a gindin turmi.

Ba na bukatar tafinta a nan. Hausa ce harshen titi da kasuwa da cikin gida a Agadas, da irin nata karin, ga Tamajak, harshen Abzinawa, a gefe, su biyun suna shiga juna a baki ɗaya.

Ga yadda ta yi. An surfa gero, an wanke, an bar shi ya sha iska. Ta daka shi shi kaɗai har ya yi gari, amma ba lukui ba, ta bar masa ɗan tsaki. Sai busasshen dabino da aka cire wa ƙwallo, ta daka shi daban, sannan cukun awaki shi ma daban. Daga nan ta haɗa ukun a turmi ɗaya tana yayyafa ruwa da yatsu, tana kirɓawa, har dabinon ya saki danƙonsa ya riƙe sauran, abin ya dunƙule. Ba wuta ko kaɗan. Wannan ne babban bambancinta da furarmu ta Adar, wato yankinmu na Tawa, wadda ake dafa ƙwallayenta a sake kirɓa su a dama da nono, ga citta da kanumfari da barkono. Aghajira ta fi kusa da gumba, sai dai gumbar da ta samu gata. In za a sha, a gutsuro, a dama da ruwan sanyi a ƙwarya, a sha da ludayi, ana motsawa don kada tsakin ya kwanta.

Na tambayi awo. Hajiya ta ce, "Ɗana, ni hannuna ne ma'aunina." Na roƙe ta ta sake yi ina auna abin da ta ɗebo kafin ta zuba. Abin da ya fito: gwangwani huɗu na gero, biyu na dabino, ɗaya na dakakken cuku. Ta ce na masu gida ke nan. Ta matafiya ana rage ruwan kirɓi don ta daɗe cikin jakar fata ba ta lalace ba.

Ɗanɗanonta ya fi ƙarfin bayanina. Zaƙin dabino ne ke fara zuwa, sai tsamin cukun ya biyo baya ya kashe shi, geron kuma ya zauna a ciki har la'asar ban nemi komai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne geron. Agadas ba ta noma shi, ruwan da take samu a yawancin shekaru bai kai milimita 200 ba. Geron da ke turmin Hajiya daga kudu ya zo, irin wanda Kawu ya sauke da safen nan. Dabinon daga gabas, cukun daga makiyayan dutse. Ƙwarya ɗaya, ƙasa uku.

Agadas, 11 ga Disamba

Yau ranar kallo ce, Yaya ta yi haƙuri.

Hasumiyar babban masallaci mita 27 ce, kuma duk laka ce tun daga tushe har ƙoli. Ana danganta gininta da Shehu Zakariyya, wajen shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, an kuma sake gina ta a 1844. Tana da faɗi a ƙasa, tana tsukewa tana hawa. Itatuwan da suka fito a jikinta jere-jere ba ado ba ne, su ne ke riƙe ginin, su ne kuma tsanin magina in lokacin yaɓe ya yi. Ta ciki ake hawa, ta wani matsattsen bene mai duhu da warin jemage, wanda yake ƙara matsewa har sai da na koma tafiya a karkace ina dafa bango. Mai ƙiba ya yi sallarsa a ƙasa ya gode Allah. Daga sama kuwa gari duka ja ne, rufin soro na bin rufin soro, fadar Sarkin Abzin ga ta nan dab da masallacin, duwatsun Abzin kuma can arewa cikin hazo. A da nan ne masu tsaro ke hangen ayari ko mahara, ayarin ma da ita yake gane ya iso.

Sarautar Abzin ta kafu a farkon ƙarni na 15, ta dawo Agadas a tsakiyarsa. Tsohon garin unguwa 11 ne, kuma masana sun ce karkacewar lungunansa ta biyo yadda ƙabilu suka kafa tantunansu tun farko, gini ya zo ya gaje wurin. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya. Amma fa gari ne da mutane ke kwana a ciki, ba gidan tarihi ba: ga awaki, ga babura, ga wanda ya gaji da yaɓe kowace shekara yana son siminti. Ban ga laifinsa ba, musamman in aka tuna ambaliyar Satumban 2009, da ruwan ƙoramar Telwa ya shigo gari ya narkar da gidaje. Sai dai na shiga ɗakin laka da tsakar rana, na shiga na siminti, kuma na san wanda zan zaɓa in bazara ta yi.

Wani yaro ya kai ni gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a watan Oktoban 1850, lokacin yana kiran kansa Abdulkarim. Ɗaki ne ƙarami, ba wani abin a zo a gani, in ban da tunanin cewa mutumin ya tarar da garin ya riga ya ragu, ya ƙiyasta mazaunansa kimanin 7,000. Gidan da ya fi burge ni shi ne wanda ake kira gidan mai burodi, wanda aka zana bangonsa na ciki da laka, zane a kan zane, har rufi. Gaban masallaci kuma akwai otal ɗin da a da fada ce da aka gina wa Kawusan, jagoran da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 tare da goyon bayan Sarki Tagama. Da dakaru suka iso daga Damagaram suka karya ƙawanyar, abin da ya biyo baya kisa ne, har da malaman gari. Agadasawa ba su manta ba.

Da dare mai masaukinmu ya ji ni Ba'adare ne, sai ya ce ashe ɗan gida ne. Yana nufin Agabba, ɗan Sarkin Abzin da ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, wanda daga baya ya koma can da zama, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Na ce ai mu ma mun ba ku, tunda Malam Jibrilu ɗan Umaru mutumin Adar ne, kuma shi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo har Agadas neman karatu. Kawu ya ce mu bar gardama mu sha shayi, wanda ke kawo gero shi ne babba.

Agadas, 12 ga Disamba

Kasuwa tun safe, neman dabino.

Iri uku na gani da yawa. Akwai na Aljeriya mai laushi da sheƙi a kwali, akwai na Ingal, sai busasshen nan na Kawar, wato wajen Balma da Jado, mai tauri, wanda ido ba ya so. Shi ne namu. Mai laushi in ya shiga turmi caɓewa yake yi, ya manne a taɓarya, furar kuma ta yi saurin tsami. Busasshen yana farfashewa ya gauraya da gari, ga araha. Na yi magana da wani dattijo mai sayarwa da buhu, mun daidaita zai riƙa ba Kawu duk zuwa, a biya shi ta waya.

Kusa da shi masu gishirin Balma ne, sun jera kantu, dogayen curin nan da ake kai wa dabbobi, da farin beza na miya. Daga Agadas zuwa Balma wajen kilomita 600 ne ta cikin hamadar Tenere, da zango a Fachi. In damina ta wuce ayarin raƙuma ke tashi da gero, a musanya shi da gishiri da dabino, a dawo a gangara kasuwannin ƙasar Hausa a sake sayen gero. Yau manyan motoci sun karɓe mafi yawan aikin, amma ayarin bai mutu ba. Furar Hajiya guzurin wannan tafiyar ce, shi ya sa ba ta bukatar wuta: a Tenere ba itace. Bishiya ɗaya tilo da ta yi suna a can ma mota ta kaɗe ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai.

Abin da ban zata ba shi ne ƴaƴan itace. Lokacin lemun Timiya ne, tuli-tuli, da rumman, duk daga lambunan cikin dutse da ake shayarwa da rijiya. Ga dankalin turawa da tafarnuwa da albasar Tabelot. Ni da na fito ƙasar albasar Galmi na duba ta da idon raini, na kuma yarda tana da kyau.

Na leƙa wajen maƙeran azurfa kafin azahar. Da kakin zuma suke fara siffanta kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na ado, su lulluɓe shi da laka, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce a fasa lakar a shiga gyara da zarto da zane. Kowane ɗaya da nasa mazubin, ba a maimaitawa. Iri 21 aka saba lissafawa, kowanne da sunan garinsa ko yankinsa, har da na Tawa. Maƙerin ya ce tun tawayen 2007 baƙin Turai suka ɗauke ƙafa, yanzu masu aure da masu dawowa daga haƙar zinariya ne ke riƙe da su. Na saya wa Yaya ƙaramin na Tawa, toshiyar baki.

Agadas, 13 ga Disamba

Tagalla aikin maza ne, in ji Hajiya, na daji ne, ba na tsakar gida ba. Ƙanin mai masaukinmu, wanda ya yi shekaru yana bin ayari, ya ɗauke ni a babur muka fita bayan gari, cikin busasshen gadon Telwa inda rairayi yake da tsabta.

Ya hura wuta a kan rairayin da itacen ƙaya, ya bar ta tana ci. Garin alkama, gishiri, ruwa, shi ke nan, ba yis. Ya daɗe yana murza ƙullun a ƙaramin kwano har ya daina kama hannu, ya baje shi faifai mai kaurin yatsa biyu. Da wutar ta zama garwashi sai ya ture ta gefe da sanda, ya buɗe ɗan gurbi a rairayin mai zafi, ya ɗauki reshe mai wuta ya bi saman ƙullun da shi don fatar ta ƙafe, ya kwantar da shi, ya mayar da rairayi da toka da garwashi a kai. Wannan ɗan babbakewar ita ce sirrin da ya hana ƙasa shiga ciki. Bayan kamar minti 20 ya tono, ya juya, ya sake binnewa. Da ya fitar ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa kaɗan. Sai muka gutsuttsura ta ƙanana a akushi tun da zafinta, ya kwarara miyar kauɗar tumatir da albasa, ya bi da man shanu.

Ko ƙwayar rairayi ban tauna ba. Tana da nauyi, tana da ƙamshin hayaƙi, kuma miyar na shiga cikinta ba tare da ta narke ba. Amma tun a wurin na fara lissafin yadda za a yi haka a rumfar da ke bakin titi, da ƙura da fasinja mai sauri.

Tawa, 17 ga Disamba

Mun dawo lafiya da buhun dabino, da cukun Abalak, da lemu. Kawu ya yi lodin albasa da gishiri. Yaya ta karɓi kuros ɗinta, ta kuma karɓi littafin, ta fi daɗewa a kan littafin.

Tawa, 23 ga Disamba

An fara sayar da furar. Daka ce ke cin lokaci, don haka geron muna kai shi inji a ɓarza, dabino da cuku kuwa dole turmi, domin mai injin ya ce dabino zai toshe masa. Yaya ta ɗauki wata yarinya ƴar unguwa don kirɓi da safe. Cukun shanu ya fi sauƙin samu, amma tsaminsa bai kai na awaki ba, furar sai ta zama zaƙi zalla. Yanzu muna haɗa rabi da rabi.

Masu saye sun ba mu mamaki. Abzinawan da aka yi abin dominsu suna sha, su ce ba laifi, wasu su ce cukun ya yi kaɗan. Ƴan gari ne suka fi rububinta: yaran mota, masu kabu-kabu, da mata masu aiko yara da kwano. Su kuma sai sun ce a ƙara sukari da ƙanƙara. Ni ina ganin sukari ɓata ta yake yi, dabinon ya isa. Yaya ta ce ba ni ke biya ba. An ajiye sukarin a gefe, mai so ya zuba da hannunsa.

Tagalla ba ta zauna ba tukuna. Mun yanka gangar ƙarfe biyu, mun cika rabin da rairayin da aka tankaɗe, muna hura wuta a kai. Tana gasuwa, amma rairayin gangar bai da zurfin riƙe zafi, ƙasan gurasar na fitowa da ɗanye-ɗanye in ba a ƙara mata lokaci ba, gawayi kuma na tafiya. Fasinjan da motarsa ta tsaya cin abinci ba zai jira ta ba.

Tawa, 4 ga Janairu

Furar ta samu gindin zama, kullum tana ƙarewa kafin la'asar. Dunƙulen da ba a dama ba ma ya samu kasuwa: direbobi na saye a leda su tafi da shi, abin da ba mu shirya masa ba, kuma ribarsa ta fi, tunda ba kofi ba ƙanƙara.

Tagalla mun mayar da ita ta oda. Mai so ya kira tun yana hanya, ko a gasa da yamma don masu kwana a tasha. Wani makiyayi ya ba da shawarar a binne gangar a ƙasa har baki don zafi ya daina gudu ta gefe. Gobe za a haƙa ramin a bayan rumfa, in mai filin ya yarda.

Sauran abin da ke gabanmu kafin azumi: tsayar da farashin dunƙule, samun mai kawo cukun awaki a kai a kai, da duba ko furar za ta jure zafin Afrilu ba firji. Buhun dabino na biyu yana hanya. Kawu ya kira ɗazu daga Abalak, taya ta fashe, sai gobe in Allah ya kai mu.